Gefen Dama

Teksas, Amurka
Farkon watan Rajab

Zuwa ga Inna Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Kudai baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Ni lafiyata ƙalau, sai aiki da karatu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wajena, da Hausa kuma. Kada ki yi dariya. Ke kika koya mini baƙaƙen boko a tsohon gidanmu na Tandabawi, ina gudu kina kamo ni, to yau ga ɗalibinki ya dawo da ƙafarsa. Da biro na rubuta, na ɗauki hotonta a jawwal, wayar hannu ke nan. In kin ga kuskure ki gyara mini.

Wadda ta sa ni ita ce Dokta Amparo Salsido, tsohuwar da ta kafa asibitin da nake koyon aiki. Ta ji ina waya da Ummi, Ummi tana Hausa ni ina ba ta amsa da Larabci. Ta tambayi dalili, na ce haka muka taso a Makka. Sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce likitan da bai riƙe harshen uwarsa ba, kunne ɗaya gare shi.

Inna, da kin ga matar nan da kun shirya. Iyayenta 'yan asalin Meksiko ne, leburorin gonar albasa. Tana ƙarama ana dukanta a makaranta in ta yi yarensu. Ita ce mace ta farko cikin mutanenta da ta zama likita a wannan yanki, amma da ta dawo da takardunta babban asibitin garin ya ƙi ba ta gado ko ɗaya ta kwantar da marasa lafiyarta. Sai ta share bayan shagon kawunta mai facin taya, ta sa benci. Yau rabin garin nan a hannunta aka haife su. Ta wuce shekara tamanin, ta daina duba mutane, amma kullum tana zaune a ƙofa tana duba mu.

Doka ɗaya gare ta: majinyaci ba ya fita sai ya maimaita maka abin da ka faɗa masa da bakinsa. Ta ce mutanenta in babba ya yi magana sai su gyaɗa kai, ko ba su gane ba, don girmamawa. Wata uwa ta taɓa gyaɗa mata kai haka a kan zazzaɓin ɗanta, ba ta dawo da shi ba sai da lokaci ya ƙure. Tun daga ranar ba ta ƙara yarda da gyaɗa kai ba.

Yaya Bandar ya ce numfashin Ummi yana yi mata wahala in ta kwanta. Masu ciwon zuciya irin nata sun fi jin daɗin kwanciya ta gefen dama, a ɗaga musu kai da matashi biyu. Na faɗa mata ta ce to. Na san wannan "to" ɗin. Tunda ke kike zuwa Shisha wajenta, don Allah ki matsa mata.

Naki,
Munzali


Kudai, Makka
Tsakiyar Rajab

Zuwa ga ɗana Munzali, likita bokan Turai,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta har sau biyu, na farko don labari, na biyu don dariya. Ƙafa da sauƙi, tana dai tuna mini da kanta duk lokacin da zan hau benen gidanku. Mutanen Kudai suna amsawa. Masu umra sun fara cika tasha, mota sai ka yi da gaske.

Hausarka ba ta mutu ba, suma ta yi. Amma abin haushi, shekara nawa ina bin ka da littafi kana zillewa, sai da wata tsohuwa a ƙarshen duniya ta yi magana sau ɗaya ka ɗauki biro. Ba komai. Ka gaishe mini da Amfaro, ka ce mata wata tsohuwar malamar firamare daga Fagge ta gode. Zancen bayan shagon faci ya tsaya mini a rai. Duk inda ka je talaka ɗaya ne, sunan abincinsa ne kawai ke canzawa.

Yanzu zancen uwarka. Ni da Ummulkhairi kakanninmu ne wa da ƙani, amma tun da na zo garin nan ban san wata 'yar'uwa da ta wuce ta ba, don haka abin da zan faɗa ba na baƙo ba ne. Jiki da sauƙi. Sai dai ka san mu, ko ana haƙa wa mutum kabari, in ka tambaya cewa za a yi da sauƙi. Ƙafafunta sun kumbura, takalmin salla ma ya ƙi shiga. Abinci sai an yi ta lallami. Jiya na dama mata kunun tsamiya, ta kurɓa ta ce ba irin na Tandabawi ba ne, alhali hannun da ya dama na Tandabawin ne ya dama wannan. Tun da aka taso su daga tsohuwar unguwa ba abin da ke yi mata daɗi a gidan benen nan na Shisha.

Na isar da saƙon kwanciya. Ta ce shekara sittin tana kwanciya ba ta nemi fatawa ba, sai yanzu ɗan da ta goya zai koya mata. Ta juya hagu abinta.

Ta hana a ɗaga maka hankali, ta ce karatunka ya zo gangara. Ni dai abin da zan ce, in da hali, ka zo ka yi umra kafin azumi. An daɗe ba a gan ka a Harami ba.

Innarka,
Rumasa'u


Teksas
Ƙarshen Rajab

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin amsarki, na yi ta dariya ni kaɗai a ɗakin hutun likitoci har wata nas ta leƙo. Lafiyata lau, illa barci da ya yi ƙaranci.

Zancen umra, ina so wallahi, amma Harami ba ya gudu. Babbar jarrabawarmu tana tsakiyar Sha'aban, wadda in na ci na zama cikakken likita, in na faɗi sai baɗi. Da na gama zan taho in yi azumi tare da ku. Kumburin ƙafa kuwa na yi magana da Yaya Bandar, za a ƙara mata maganin fitsari.

Akwai wani dalilin kuma. Dokta Amparo ta kwanta. Ciwon daji ne a ciki, ashe ta daɗe da sani ta yi shiru. An so a kai ta babban birni ta ce a'a, a ɗakinta na bayan asibiti za ta jira. Ba ta yi aure ba, ba ta da ɗa. Ta ce lokacin da ake neman aurenta tana karɓar haihuwa, lokacin da ta samu sarari masu neman sun zama kakanni. Yanzu mu ɗalibanta muke karɓa-karɓa a wajenta. Ni na fi zama, don ni ne ba ni da iyali a nan.

Tana kwance ma ba ta fasa ba. Na yi mata bayanin sabon magani, na miƙe zan fita, ta riƙe mini riga ta ce ban sa ta maimaita ba. Na ce ai ke kika koya mini maganin. Ta ce wanda ya sani shi ya fi saurin jin abin da yake so ya ji.

Na isar mata da gaisuwarki, ta sa na koya mata "na gode". Wani lokacin ina gyara mata matashi sai in ji wani iri, in tuna tawa tana can wasu ke gyara mata. Amma Ummi tana da ke, da Yaya Bandar, da 'yar'uwata Ghada. Wannan ba ta da kowa.

Ki gaishe da Ummi, ki ce mata likitanta bai janye fatawarsa ba.

Munzali


Kudai, Makka
Farkon Sha'aban

Ɗana Munzali,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Mu nan sai godiyar Allah.

Takardar yau ba ta da tsawo, hannuna ba ya son biro.

Ummulkhairi ta kwanta dama ranar Talata da hantsi. Ina wajen, ni da Ghada. Ba ta wahala ba. Ka yawaita yi mata addu'a, ita ce abin da take buƙata a wajenka yanzu.

Sauran bayani yana wajen yayanka, shi ne babba, ya ce shi zai riƙa magana da kai. In ka kira ni ban ɗauka ba kada ka damu, gidan ne da jama'a.

Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa. Allah ya ba tsohuwarka Amfaro sauƙi.

Rumasa'u


Teksas
Sha'aban

Inna,

Wa alaikumus salam. Haƙuri kam ana yi, karatun nan sai da shi. Ina fatan hannun naki ya saki, ki rage ɗaukar kaya daga kasuwa.

Takardarki ta faranta mini rai fiye da yadda kike zato. Kafin ta iso hankalina a tashe yake, don Yaya Bandar ya ce an kwantar da Ummi a asibiti, a ɗakin da ba a shiga da waya. Na nemi lambar likitanta ya ce zai turo, har yau shiru, kin san shi da mantuwa.

Bari in yi miki irin ta Dokta, in maimaita abin da na ji. Na ji cewa Ummi ta sauko daga taurin kanta ta fara kwanciya ta gefen dama, kuma da ta yi hakan numfashin bai wahalar da ita ba. Haka ne? To alhamdu lillahi. Ki ce mata ai sunna ce ma, ba fatawata ba. In ta fito zan tsokane ta har sai ta jefe ni da carbi.

Dokta Amparo kuwa ƙarfi yana ƙarewa. Mutane sun ji, sun fara zuwa. Tsofaffin leburori da huluna a hannu, mata da jikoki, wani alƙali, wani mai yankan ciyawa, duk layi ɗaya a ƙofar. Kowa ya shigo sai ta faɗi sunan uwarsa. Babban asibitin da ya hana ta gado ya aiko da furanni da takarda wai za su sa wa wani ɓangare sunanta. Ta ce a ba su amsa cewa ta gode, amma in suna da gadon da ba kowa, akwai wata mata a unguwar bayan layin dogo da ke jiran aiki tun bara.

Jiya ta tambaye ni jikin Ummi, na ce da sauƙi sosai. Ta ce in na gama in tafi gida, kada in tsaya jiran komai.

Ki karanta wa Ummi wannan in an bar ki kin shiga.

Naki,
Munzali


Teksas
Ƙarshen Sha'aban

Inna Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa lafiyar ba.

Na ci jarrabawa. Dokta Amparo ta rasu kwana kaɗan bayan haka, hannunta a cikin nawa. Garin nan kaf ya rufe shaguna. Ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatinta, aka sa ni na yi magana a madadin ɗalibanta, na yi, mutane suka yi kuka. Na dawo ina ganin kaina wani mutumin kirki.

Ranar Juma'a na tafi masallacin babban birni. Akwai wani Bakatsine da muke gaisawa, Malam Muttaka, direban babbar mota. Kullum ina yi masa Larabci ko Turanci, ranar na ce bari in nuna masa Hausata. Ya tambayi jikin mahaifiyata. Na washe baki na ce, "Alhamdu lillahi, ai ta kwanta dama tun farkon wata."

Inna, fuskar mutumin nan ba za ta bar ni ba har in mutu. Ya saki takalmin da ke hannunsa ya fara salati. Ya dube ni ina murmushi, ya ɗauka na zautu. Sai ya kama kafaɗata a hankali ya ce, "Ɗan'uwa, wa ya faɗa maka haka? Ka san abin da ake nufi?"

A bakin masallaci, a tsakiyar takalman mutane, wani baƙo ya gaya mini uwata ta mutu. A gidanmu "ta rasu" nake ji, ko a faɗa da Larabci. Ban taɓa jin waccan ba.

Na kira Yaya Bandar, ya fara cewa jarrabawa, jarrabawa. Na kashe. Ya kira ya kira, Ghada ma ta kira, ban ɗauka ba kuma ba zan ɗauka ba. Mutumin da ya ƙirƙiro mini ɗakin asibiti da likita, yana ba ni labarin abin da ta ci alhali tana ƙasa, ba ni da abin da zan ce masa.

Ke kuma ba ki yi ƙarya ba, na koma na karanta. Har gaisuwar mutuwa kin yi mini na amsa da zancen karatu. Amma na maimaita miki abin da na ji. Na tambaye ki, haka ne? Kin ga ban gane ba, da idonki, kika yi shiru.

Kada ki ɗauka kaina na wanke. Ni likita ne. Na ji ƙafa ta kumbura, na ji abinci ya ƙi, na san abin da wannan ke nufi a jikin kowace tsohuwa, sai a jikin tawa na ƙi sani. An hana ni lambar likita ban matsa ba, don amsar da nake samu ta yi mini daɗi. Na zauna ina gyara wa uwar wasu matashi, ina aika wa tawa fatawa ta waya. Wannan nawa ne, ba na kowa ba.

Zan taho a farkon azumi. Ba zan sauka a Shisha ba, na kama ɗaki a Kudai kusa da ke. Abu ɗaya nake roƙo: ki kai ni inda take. Ke kaɗai, ba na son kowa.

Munzali


Kudai, Makka
Jajibirin azumi

Ɗana Munzali,

Wa alaikumus salam. Yanzu zan yi maka gaisuwar yadda za ka ji ta: Ummulkhairi ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashinta. Allah ya saka wa tsohuwarka Amfaro da abin da ta shuka. Lafiyata ba abin tambaya ba ce, ina ci ina sha, shi ke nan.

Duk abin da ka faɗa a kaina haka yake, har ka rage. Ranar da aka dawo daga jana'iza Bandar ya tara mu ya ce kada wanda ya gaya maka sai ka fito daga jarrabawa, tunda ko ka taso a ranar ba za ka same ta ba. Na ce ni ba na ƙarya. Sai na zauna na zaɓo kalmar da na san kusan ba ka san ta ba. Ni na koya maka Hausa, na san iyakar gonarka. Na ce a raina in ka gane, Allah ne ya so, in ba ka gane ba, ni dai na faɗa. Dabara ce ta mai son ya tsira a wajen Allah da wajen Bandar gaba ɗaya, kuma ban tsira ko'ina ba.

Da amsarka ta zo ina cikin tasi zuwa Shisha. Na kai wajen "haka ne?" na kife jawwal a cinya. Direba ya tambaya ko lafiya, na ce rana ce. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga. In na rubuta a'a, na rushe maka shekarun da ita ta fi kowa jira. In na rubuta e, na yi ƙaryar da nake taƙama ba na yi. Sai na zaɓi shiru, na bar ka kana yi wa gawa wasa. Bayan jarrabawar ma kullum sai mu ce gobe, don ba wanda ke son ya zama bakin da zai faɗa.

Laifina ma ya girmi wannan. Tun a Rajab na ga inda jikin ya dosa. Maimakon in ce maka taho, uwarka tafiya za ta yi, sai na ce umra. Mu mutanen da haka aka rene mu, ba ma kiran abu da sunansa, muna kewaye shi muna jiran mai hankali ya gane. Na manta kai a wani harshen ka yi hankalinka.

Akwai abin da ya kamata ka sani, ba don ka ji sanyi ba, don naka ne. Na karanta mata takardarka ta ƙarshen Rajab. Da na zo wajen da ka ce tsohuwar ba ta da kowa, ta sa na sake karantawa. Ta tambaya ko da gaske ba ɗa ba jika, na ce haka ka rubuta. Sai ta ce, "To a bar shi. Kada a kira shi." Ta so ganinka, kada in rufe ka. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗaga kai. Amma da saninta ka zauna.

Ɗakin da ka kama ka sake shi, gidana yana nan, in ba ka son ganina ma sai in ajiye maka abin buɗa-baki a ƙofa.

Amma roƙonka, ɗana, ba zan iya ba. Ba ƙi na yi ba. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, aka wuce da ita maƙabartar Sharayi. Ka daɗe a waje, wataƙila ka manta yadda garinku yake. Mata ba sa shiga. Ni da Ghada a gida muka zauna, ko ƙofar ban gani ba. Kuma a can ba a rubuta suna, ba allo ba alama, dutse ne a kan ƙasa, dubbai, kowanne kamar ɗan'uwansa. In ka shiga kai kaɗai za ka yini kana yawo a kansu ba ka san wacce ce taka ba.

Mutum ɗaya ne a gidanku ya shiga ramin, ya karɓe ta da hannunsa, ya san layin da wurin. Tun ranar Juma'ar nan bai koma shago ba, yana zaune da jawwal a hannu. In kana son ka tsaya a kan uwarka, sai ka ɗauki wayar Bandar.

Innarka,
Rumasa'u